"Da Sauƙi": Tsoron Mutuwa a Labarin Iban Iliyic

Karo na farko da na karanta wannan ɗan littafi ina ɗalibi ne a Yamai, shekaruna ba su kai ashirin ba. Wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin hanya na saye shi, fassarar Faransanci, bangon ya soma rabuwa, an rubuta La Mort d'Ivan Ilitch, wato mutuwar Iban Iliyic. Cikin dare biyu na gama shi, na ajiye, na yanke hukunci: ga wani Bature da imaninsa ya yi rauni, mutuwa ta zo masa, ya rasa inda zai sa kansa. Mu nan ba haka muke ba, mu da kullum bakinmu bai rabuwa da cewa mutuwa rigar kowa. Wannan hukunci ya zauna a kaina shekara da shekaru. Bara na sake ɗauko littafin, wata biyu bayan rasuwar kawuna, sai na tarar ashe a wancan karon ganinsa kawai na yi, ban karanta shi ba.

Marubucin Rasha Liyo Tolstoy ne ya fitar da shi a 1886, bayan ya riga ya yi suna da manyan littattafansa masu kauri. Wannan kuwa gajere ne, babi goma sha biyu, kuma daga ƙarshen labarin ya soma. Wasu alƙalai suna hutun zaman kotu, ɗayansu ya buɗe jarida ya ga sanarwar cewa abokin aikinsu ya rasu ranar 4 ga Fabrairu, 1882. Dukkansu suna son mamacin, ba wanda ya yi gaba da shi. Amma abin da ya fara faɗo wa kowannensu a rai shi ne kujerar da ya bari, wa za a ɗora a kai, wa zai matsa gaba, nawa albashi zai ƙaru. Ɗaya har ya soma lissafin yadda zai sa a dawo da ɗan'uwan matarsa kusa da gida. Bayan wannan sai wani abu da ba mai furta shi: kowa ya ji wani sanyi a ransa da yake wani ne ya tafi, ba shi ba. Abokin da ya je gidan gaisuwa ya dubi fuskar gawar, ya ga kamar tana yi wa masu rai gargaɗi, ya ce a ransa ba da shi take ba. Matar mamacin ta ja shi ɗaki tana share hawaye, ashe tambayarta ita ce ta yaya za a ƙara tatso kuɗi daga baitulmalin gwamnati. Da ya samu ya kuɓuta, wurin karta ya nufa.

Da ina yaro na yi dariyar waɗannan mutane. Yanzu na zauna zaman makoki da yawa, na ji irin hirar da ake yi a tabarmar baya bayan an shafa fatiha: gidan nan wa zai gada, gonar fa, muƙamin nan ai wane za a ba. Ni ma na sa baki. Wanda bai taɓa jin wannan sanyin ba a kan hanyar dawowa daga maƙabarta, to ya fi ni.

Rayuwar Iban ba ta da wani abin mamaki, kuma da gangan Tolstoy ya yi ta haka. Ɗan babban ma'aikaci ne, ya yi karatun shari'a, ya yi aure domin matar ta dace kuma manya sun ga dacewar, gida ya yi zafi sai ya fake da aiki. Ƴaƴansa uku sun mutu suna ƙanana, marubucin ya ambaci wannan a gurguje, a matsayin abin da ya ƙara dagula zaman gidan, ya wuce. Wannan gaggawar ba sakaci ba ce. Mutuwa ta shiga gidan mutumin nan sau uku, ta fita, bai ɗaga kai daga takardunsa ba. Ya yi ta fafutuka har ya samu muƙami mai albashin rubul 5,000 a shekara, ya kama sabon gida, ya duƙufa wajen ƙawata shi. Wata rana ya hau tsani zai nuna wa mai aiki yadda yake so a rataya labule, ƙafarsa ta zame, gefen cikinsa ya bugu da mariƙin taga. Ya yi dariya, ya ce ba komai. Daga nan bakinsa ya soma wani ɗanɗano, gefensa na hagu ya soma nauyi. Likitoci suka yi ta gardama, wannan ya ce ƙoda ce ta goce daga mazauninta, wancan ya ce hanji ne. Shi tambayarsa ɗaya ce, ciwon nan na tashi ne ko kuwa? Babban likitan ya dube shi da irin kallon da shi kansa ya saba yi wa wanda ake tuhuma idan ya yi tambayar da ba ta cikin ƙa'ida. Yana da shekara 45.

To daga ina tsoron yake fitowa? Kafin Tolstoy an daɗe ana wannan tambaya. Abikur, masanin falsafa na Girka da ya rayu kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ɗauki tsoron a matsayin kuskuren tunani: muddin kana nan mutuwa ba ta zo ba, in ta zo kai ba ka nan, to ina kuka haɗu har ta cuce ka? Ibn Miskawaihi, wanda ya rasu a 1030, ya ware wa maganin wannan tsoro fasali a littafinsa na gyaran halaye, Tahzibul Akhlaƙ. Ya lissafa tushensa: rashin sanin haƙiƙanin mutuwa, zaton rai yana ƙarewa tare da jiki, zaton tana da raɗaɗi mai tsanani, fargabar azaba a bayanta, da baƙin cikin abin da za a bari. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rushewa da hujja. Mutanen biyu sun yi hannun riga a kan makomar rai, amma sun haɗu a wuri guda: duka suna ganin jahilci ne ke haifar da tsoron, ilimi kuma ke kashe shi.

Babin da ya fi kowane ƙarfi a littafin Tolstoy, a ganina, amsa ce ga wannan. Iban ya tuna misalin da aka koya musu a darasin mantiƙi, irin wanda duk wanda ya taɓa zama gaban malamin mantiƙi ya sani: wane mutum ne, kowane mutum mai mutuwa ne, saboda haka wane zai mutu. A littafin da ya karanta sunan wanen Kayus. Tun yana yaro ya yarda da wannan ƙiyasi, bai taɓa musu ba. Amma Kayus ai ba kowa ba ne, suna ne a takarda. Kayus bai san ƙamshin ƙwallon fata mai zane da Iban ya yi wasa da ita ba, bai sumbaci hannun mahaifiyarsa ba, bai ji motsin rigarta ta siliki ba. Ta yaya abin da ya dace da Kayus zai dace da mai waɗannan abubuwa duka? Ka ga ba ilimi ne ya rasa ba. Ya san komai, kamar yadda ni da kai muka sani. Sanin ne yake da hawa biyu, akwai na baki, akwai wanda ke sauka cikin ciki ya ɗure shi da ruwa, kuma ba hujjar da ke ɗaukar mutum daga na farko zuwa na biyu, ko ta dawo da shi. A nan na gane cewa karin maganarmu ta rigar kowa, yadda muka fi yawan faɗinta, Kayus ce. Kalmar "kowa" tana da faɗi, mutum yana iya ɓuya a cikinta har tsufa.

Akwai kuma abin da ya raba mu da dabba. Ragon layya yana zabura in ya ga wuƙa, jikinsa ya san abin da zai guje wa. Amma daren jajibere dusarsa yake ci hankali kwance. Zaburar nan muna da ita, an halicce mu da ita, ba don ita ba da yaro bai janye hannu daga wuta ba. Abin da muka ƙara a kai shi ne mun san da wuƙar tun tana kube. Tolstoy ya nuna wannan da kyau: Iban yana tsakiyar shari'a, yana magana, sai ciwon ya motsa, abin ya zo ya tsaya gabansa yana kallonsa, ya rasa bakin zaren maganarsa, abokan aiki suna mamaki. Ya yi ta neman abin da zai kare idonsa, aiki, karta, gyaran ɗaki, kowanne ya yi masa amfani na ɗan lokaci sannan ya zama kamar labulen da haske ke ratsawa. Wani masani Ba'amurke, Anes Beka, ya gina littafi sukutum a 1973 kan ra'ayin cewa yawancin fafutukar ɗan Adam ta neman suna da muƙami irin wannan labulen ce. Tolstoy ya riga shi da kusan shekara casa'in, kuma da labule na gaske, wanda aka hau tsani domin a rataya.

Amma abin da ya fi azabtar da Iban, marubucin ya faɗe shi ƙarara, ƙarya ce. Kowa a gidan ya san mutuwa zai yi, shi ma ya sani, ya ma ji da kunnensa surukinsa yana gaya wa matar cewa mutumin nan ai gawa ne, a dubi idonsa. Duk da haka aka haɗa baki a kan cewa rashin lafiya ce kawai, in ya sha magani a kan lokaci zai warke. Aka tilasta masa ya shiga cikin wasan. Wani dare matar da ƴarsa da saurayinta suka shigo gaishe shi sun ci ado za su gidan wasan kwaikwayo, aka yi ta ƴar hira, sai hira ta mutu, kowa ya tsorata kada wani ya fasa ƙwan. Abin da yake so, ga shi babban alƙali mai furfura a gemu, shi ne a tausaya masa kamar yaro marar lafiya, a shafa shi, a yi kuka tare da shi. Ba wanda zai iya, domin yin haka amincewa ne da abin da aka yi yarjejeniyar ƙin ambata.

A nan ne na rufe littafin na daɗe ban buɗe ba. Kawuna ciwon hanta ya yi. Likita ya kira mu waje, mu uku, ya ce abin ya wuce magani, sai dai a rage masa raɗaɗi, makonni ne. Muka tsaya a bakin ɗakin muka yanke shawara kada a gaya masa. Mun ɗauka jinƙai ne. Aka dawo da shi gida Damagaram, masu dubiya suna shiga suna fita. Ya jiki? Da sauƙi. Allah ya ƙara sauƙi. Wani dare ina zaune gefensa ya ce mini, "Ɗana, wannan kwanciyar ba ta tashi ba ce." Na ce, "Haba Kawu, daina faɗin haka, ai yau ka fi jiya, har kunu ka sha." Ya dube ni, ya yi shiru, ya juya fuskarsa bango. Sau uku ya buɗe mini wannan ƙofa a cikin makonnin nan, sau uku ina rufewa. Iban ma haka ya ƙare kwanakinsa, kwance a doguwar kujera fuskarsa na kallon jinginarta.

Ba ina cewa "da sauƙi" ƙarya ce tsagwaronta ba. Addu'a ce, ladabi ne, kuma akwai gaskiya a cikinta, tunda likita ba shi ke riƙe da ajali ba, mun sha ganin wanda aka fid da rai da shi ya tashi ya binne masu jinyarsa. Wanda ya shigo dubiya na minti biyar ba abin da ya fi masa wannan kalma. Amma idan majinyacin da kansa ya ce ya ga alama, ka toshe masa baki, to ba shi kake karewa ba. Ni dai na san ba Kawu nake karewa ba. Gabana ne ke faɗuwa, ba na son in ji, domin in ya tabbata a kansa ya matso kusa da ni.

A littafin mutum ɗaya ne bai yi ƙarya ba, Garasim, saurayi ɗan ƙauye mai hidima a gidan. Shi ke kwashe bayan gidan maigida ba tare da yamutsa fuska ba. Iban ya gano cewa raɗaɗin yana lafawa in an ɗaga ƙafafunsa, sai Garasim ya riƙa ɗora su a kafaɗunsa, wani lokaci har gari ya waye. Da aka ce ya je ya huta, ya nuna cewa tunda kowa zai zo wannan gaɓa, ba abin ƙyashi ba ne ya wahala, yana fatan wata rana wani ya yi masa. Ka lura, maganar "kowa" ce dai ya yi, irin tamu. Bambancin shi ne ya faɗe ta ƙafafun mai mutuwa suna kan kafaɗarsa, kuma ya sa kansa a cikin lissafin.

Mu a gidanmu yayar Kawu ce, tsohuwa da ta zo daga ƙauye a mako na huɗu. Ta zauna a ƙarshen shimfiɗa tana matsa masa ƙafa, ba ta tambaye shi ya jiki ba. Ta ce, "To ƙanena, in tafiyar ce, gaya mini bashin da ke kanka da wanda kake bi." Na so in hana ta. Kawu ya yi ajiyar zuciya, ya soma lissafi, wane dubu kaza, wane buhun gero biyu, filin nan na marayun wane ne ba nawa ba. Ya yi magana kusan awa guda, ya nemi a kira masa wani da suka shekara ba sa gaisawa. Daren nan ya yi barcin da ya kwana biyu bai yi ba.

Yanzu ga inda na saɓa da Tolstoy. A babobin ƙarshe ya kai Iban ga wata tambaya: in fa duk rayuwar nan da na yi ba ita ce ba? Ya waiwaya ya ga abin da ke da daɗi na gaske yana can yarinta, duk abin da ya biyo baya, muƙami da ado da zama da manya, gangara ce yana zaton hawa yake. Marubucin yana so mu yarda cewa wannan ne asalin tsoron: mutum yana tsoron mutuwa ne domin bai rayu daidai ba, kuma abin da ke hana shi wucewa shi ne nacewarsa a kan cewa rayuwarsa ta yi kyau. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma mai karatu da ya tashi da waƙoƙin wa'azi ba zai ji shi baƙo ba. Sai dai Tolstoy ya shirya shari'ar ne yadda hukuncin zai fito kamar yadda yake so. Ya ba mu mutum marar zurfi, ya kewaye shi da marasa zurfi, sannan ya ce ku ga sakamako. Matar ma bai yi mata adalci ba: macen da ta binne ƴaƴa uku, ta shekara ashirin da mijin da ya mai da ofis mafaka, ba a ba ta ko shafi ɗaya mu ji nata ba. Garasim kuwa ba shi da wani ciki da za a leƙa, ba ya gajiya, ba ya tsoro, talaka ne irin wanda mai sarauta da gandu yake mafarki. Tolstoy kuwa mai sarauta ne da gandu.

Kawuna bai yi rayuwar Iban ba. Mutum ne da sahun farko bai wuce shi ba, ya riƙe marayu, bai bar abin kunya ba. Duk da haka na ga hannunsa yana rawa a kan carbi, na ga idonsa da tsakar dare. Wannan ya rushe hukuncina na yarinta, cewa tsoron na marasa imani ne, ya kuma rushe wa'azin Tolstoy, cewa na waɗanda suka ɓata rayuwarsu ne. Shi kansa marubucin shaida ne a kan kansa. A 1869, yana da ƙoshin lafiya da iyali da dukiya, ya gama babban littafinsa na yaƙi da zaman lafiya, ya kama hanya zai je sayen gona, ya kwana a masauki a garin Arzamas, da tsakar dare wani firgici ya kama shi wanda bai taɓa jin irinsa ba. Mahaifiyarsa ta rasu bai kai shekara biyu ba, mahaifinsa ya bi ta kafin ya cika tara, wansa Nikolai ya mutu a gabansa a Faransa a 1860. Tsoron ya riga wa'azin zuwa. Wa'azin ƙoƙari ne na mutumin da ya firgita ya samo wa firgicinsa dalili, domin tsoron da ke da dalili yana da magani.

Saboda haka nake ganin mutum biyu ne suka rubuta littafin nan, mai wa'azi da mai ba da labari, kuma mai ba da labarin ya fi gaskiya. Mai wa'azi ya ce tushen tsoron muguwar rayuwa ce. Mai labari ya nuna cewa irin tsoron yana cikin kowa, amma abin da ke shayar da shi har ya zama kururuwar kwana uku da ake ji ta bayan ƙofofi shi ne a bar mutum shi kaɗai da abin da ya sani. Duk wurin da raɗaɗin Iban ya lafa a littafin, duba da kyau, jikin wani ne ya taɓa nasa.

Ƙarshen ma haka yake. Iban yana jin ana cusa shi cikin wani baƙin buhu mai ƙunci, yana turjewa. Sai ya faɗa ciki, ya ga haske, ya nemi tsoron da ya saba ya rasa. Wannan hasken ban san abin da zan yi da shi ba. Ba wanda ya je ya dawo ya ba Tolstoy labari, fatansa ya rubuta, kuma ina jin alƙalamin mai wa'azi a wurin. Amma a daidai wannan lokacin ya sa wani abu: ɗan Iban, ɗan makaranta da aka manta da shi a gidan, ya lallaɓo ya shigo, hannun uban da ke fizge-fizge ya faɗa kan yaron, yaron ya kama hannun ya kai bakinsa ya fashe da kuka. Uban ya buɗe ido ya ji tausayinsa, ya ji tausayin matar. Ya so ya ce a yafe masa, harshe ya karkace, kalmar ta fito da ma'anar a ba shi hanya ya wuce, domin kalmomin biyu sun yi kama a Rashanci, ba shi da ƙarfin gyarawa. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Su kuma waɗanda ke tsaye a ɗakin ba su ga haske ba, gargara suka gani ta ƙarin awa biyu.

Ranar da Kawu ya cika, da hantsi ne, yayarsa na riƙe da ƙafarsa, ƙaramin ɗansa na gefen kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Ni ba na ɗakin. Na hau babur na tafi kantin magani sayen wani ƙarin ruwa da likita ya riga ya gaya mana ba zai yi komai ba. Na dawo da ledar a hannuna na tarar an fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.